Bikin Ɗanɗana Giya Na Denver: Ƙananan Masu Sana'a Sun Ja Daga Da Manyan Kamfanoni

Kusan kowace shekara, wajen ƙarshen watan Satumba ko farkon Oktoba, dubban mutane sukan yi cincirindo a Denver, babban birnin Jihar Colorado ta ƙasar Amurka. Duk wanda ya biya kuɗin shiga, aka kuma tabbatar ya cika shekara 21 da haihuwa, sai a miƙa masa ɗan ƙaramin kofi ya shiga zagayen rumfuna. A kowace rumfa abin da akan tsiyaya masa oza ɗaya ne tak, watau kimanin cokali biyu na cin abinci. Wannan shi ne Great American Beer Festival, bikin da ƙananan masu dafa giya na ƙasar suke baje kolinsu.

Sanin kowa ne cewa addinin Musulunci ya haramta shan giya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 cikin 2019. Amma labarin wannan biki abin dubawa ne, domin a ƙarƙashinsa akwai kokawa tsakanin ƙaramin mai sana'a da babban kamfani, irin kokawar da masaƙa da marina na ƙasar nan suka daɗe da sanin zafinta.

Asalin Bikin

Cikin 1873 akwai gidajen dafa giya fiye da 4,000 a Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnati ta haramta sana'ar baki ɗaya, yawancinsu suka rufe. Bayan an ɗage dokar, manyan kamfanoni suka yi ta haɗiye ƙanana, har ya zamanto kafin ƙarshen shekarun 1970 waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba, kuma kusan iri ɗaya suke dafawa.

Cikin 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka wadda ta ba mutane izinin dafa giya a gida don amfanin kansu. A shekarar ce kuma wani malamin makaranta mai suna Charlie Papazian ya kafa ƙungiyar masu dafawa a gida a garin Boulder. Shi ne ya shirya bikin farko a wani otal na garin cikin 1982, inda mutum kimanin 800 suka halarta. Da abin ya bunƙasa sai aka mayar da shi Denver cikin 1984.

Yadda Ake Ɗanɗanawa

Abu huɗu ne tushen giyar Turawa: ruwa, da tsiron sha'ir, da yisti, da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hops, wanda yake ba ta ɗaci da ƙamshi. Daga sarrafa waɗannan ne ake samun ɗaruruwan iri. Idan an gasa tsiron sama-sama sai ta fito fatsi-fatsi; idan kuwa an gasa shi ƙwarai sai ta yi baƙi ƙirin, ta ɗauki ƙamshin gahawa, ita ce ake kira stout. Wadda aka bari ta tashi a cikin sanyi ita ce lager, wadda ta tashi a ɗumi kuwa ale. Akwai kuma India Pale Ale mai yawan ɗaci, wadda ta samo sunanta daga zamanin da Turawan Ingila suke aika irinta Indiya a jiragen ruwa.

Gwanin ɗanɗano yakan fara ɗaga kofin ya dubi launi da kumfa, sa'an nan ya sansana, kana ya kurɓa ya juya a baki. Akan fara da masu sauƙi kafin a kai ga masu ƙarfi, ana kurkure baki da ruwa a tsakani, domin idan ɗaci ya riga ya kama harshe ba ya sāke bambance komai.

Amma ainihin gasar ba a gaban jama'a ake yin ta ba. Kafin a buɗe bikin, alƙalai sukan zauna a keɓe, a kawo musu kofuna masu ɗauke da lamba kawai, babu sunan kamfani, babu tambari. An kasa gasar kashi kimanin ɗari, kowane kashi da lambar zinariya da ta azurfa da ta tagulla, kuma alƙalai suna da ikon hana lamba idan babu wanda ya cancanta. A nan ne mai tukunya ɗaya a ƙauye yake iya kayar da kamfanin da ke kashe miliyoyi wajen talla.

Riba Da Haɗari

Ya zuwa 2023 gidajen dafa giya a Amurka sun haura 9,000, ko da yake rabon ƙananan kimanin kashi 13 ne kawai cikin ɗari na abin da ake sayarwa. Manyan kuwa da suka ga kiɗa ya sauya sai suka sauya rawa, suka shiga sayen waɗanda suka yi suna. Cikin 2011 kamfanin Anheuser-Busch ya saye Goose Island na birnin Chicago. Saboda haka cikin 2017 ƙungiyar ƙananan ta fito da wani hatimi mai hoton kwalba a kife, don mai saye ya gane na masu zaman kansu. Annobar korona ta hana taron jama'a cikin 2020 da 2021, kuma cikin 2024 gidajen da suka rufe sun fi waɗanda aka buɗe yawa. Har ila yau an keɓe kashi na musamman a gasar ga giyar da aka cire wa barasa.

Dawa Ta Shiga Fage

Wani kashi na gasar na giyar da babu sha'ir ko alkama a cikinta ne, domin akwai mutanen da cikinsu ba ya ɗaukar waɗannan hatsi. Ɗaya daga cikin abin da ake amfani da shi a madadinsu ita ce dawa. A wannan fage an riga Amurkawa, gama tun kaka da kakanni matan wasu ƙabilun Nijeriya suke dafa burukutu da tsiron dawa, kamar yadda ake dafa pito a Gana da dolo a Burkina Faso. Daga 1988 kuma, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole ta sa kamfanonin ƙasar nan suka koma ga dawa da masara, har da wajen yin lemon malta wanda ba shi da barasa, manoma suka sami sabuwar kasuwa.

Abin da ya raya ƙananan masu sana'a na Amurka abu uku ne: sun haɗa kai cikin ƙungiya ɗaya, sun kafa ma'aunin aiki mai kyau, sun kuma yarda a gwada kayansu ba tare da an ga sunan mai shi ba. Ko majemi da maƙeri da mai man gyaɗa ba za su rasa abin ɗauka a cikin wannan ba.