Yadda majami'un Romaniya suka haɗa kai suna tura 'yan mishan ƙasashen waje

Kafin ƙarshen shekarar 1989, a ɓoye ake shigar da Littafi Mai Tsarki ƙasar Romaniya da ke gabashin Turai, a cusa shi cikin kaya ko wani lungu na mota don kada jami'an kan iyaka su gani. A yau majami'un ƙasar ne ke tara kuɗi suna tura 'ya'yansu wa'azi a Afirka da Asiya.

Masu wannan aiki 'yan tsiraru ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka bayyana addininsu a ƙidayar 2021 mabiya ɗarikar Otodoks ne. 'Yan Fentikos sun ɗan haura 400,000, 'yan Baftis kuma sun ɗan wuce 100,000, a ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 19. Jama'a na kiran su da wani suna da ke nufin "tubabbu", wanda da farko na zolaya ne.

Zamanin matsi

A lokacin mulkin kwaminisanci, gwamnati ce ke sa ido kan naɗa fasto da gina coci. Richard Wurmbrand ya yi shekara 14 a kurkuku saboda wa'azi, kafin a fanshe shi da kuɗi ya bar ƙasar. Shi ma malamin Baftis Iosif Ton an tilasta masa gudun hijira a 1981.

Wannan matsi ya kusanto da ɗarikun da a da ba sa ga maciji kan wasu batutuwan aƙida. Akwai kuma abin da ya riga ya haɗa su: dukansu fassarar Littafi Mai Tsarki ɗaya suke karantawa, wadda Dumitru Cornilescu ya fitar a 1924.

Bayan an kifar da Nicolae Ceausescu a watan Disambar 1989, sai 'yan Baftis da 'yan Fentikos da ɗarikar 'Yan'uwa suka kafa ƙawancen majami'un bishara a 1990. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka biyo baya shi ne gidan rediyon Vocea Evangheliei, wato Muryar Bishara.

Daga karɓa zuwa bayarwa

A shekarun farko, 'yan mishan daga Amurka da yammacin Turai ne suka yi ta kwararowa da littattafai da kayan agaji. Sannu a hankali majami'un suka fara tura nasu. A 2006 'yan Fentikos suka kafa hukumar mishan ta ƙetare mai suna APME, kuma akwai makarantar horar da masu tafiya a yankin Constanta, bakin Baƙin Teku.

Cocin ƙauye guda ba zai iya riƙe iyali a wata nahiya shekara da shekaru ba, ga kuɗin jirgi da biza da magani da karatun yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa majami'u da dama kan haɗu su ɗauki nauyin mutum ɗaya, hukumar mishan kuma ta kula da horo da takardu.

Sai dai akwai ƙalubale. Tun da Romaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2007, ɗimbin matasa sun tafi ci-rani Italiya da Sifaniya da Ingila, kujeru suka rage cika a gida. Amma waɗannan 'yan ci-rani sun buɗe nasu majami'u a can, kuma wani ɓangare na baikonsu na shiga asusun mishan.

Saɓanin aƙida bai kau ba, musamman kan magana da harsuna, kuma wasu malaman Otodoks na zarginsu da janye masu mabiya. Duk da haka, da yaƙin Yukren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, majami'un da ke kusa da mashigar Siret sun shimfiɗa katifu a ɗakunan ibada, suka raba aikin girki da jigilar 'yan gudun hijira a tsakaninsu.