Ƙaramar bindigar da kaka ya bari: Yadda ake gano tarihinta da abin da doka ta ce

Idan tsohon soja ya rasu a Birnin Kudu ko Gwaram aka buɗe adakarsa don rabon gado, akan tarar da lambobin yabo da takardar sallama. Wani lokaci kuma sai a ga ƙaramar bindiga naɗe cikin tsumma. Daga nan magada ke fara tambaya: daga ina ta zo, kuma me za a yi da ita?

Wane yaƙi ta gani?

A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Najeriya sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1940 zuwa 1941. Daga 1943 zuwa 1945 kuma sun fafata da Japan a Bama, ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sai Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970.

Kurtun soja a wancan zamani doguwar bindiga yake riƙewa, ƙaramar kuwa galibi ta hafsoshi ce. Saboda haka wadda ta iso gida tana iya zama ganima ko kyautar wani hafsa.

Karanta jikinta

Ta Ingila, kamar Webley ko Enfield, tana da gidan harsashi mai juyawa da ke cin harsashi shida. Akan ga tambarin kan kibiya a jikinta, alamar kayan gwamnatin Birtaniya.

Ta Japan mai suna Nambu tana ɗauke da shekarar sarautar Sarki Hirohito. Ka ƙara 1925 a kan lambar farko: 18.6 na nufin watan Yuni na 1943.

Ta Italiya, Beretta, tana iya ɗaukar haruffan RE, wato ta sojojin ƙasa na masarautar Italiya ce.

Amma ƙarfe ba ya faɗin wanda ya riƙe shi. Takarda ce ke yin wannan. A nemi lambar sojan marigayin, wadda ga sojojin Najeriya na lokacin take farawa da NA. Da yake sai a 1991 aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, bayanan Birnin Kudu da Gwaram na zamanin Turawa suna ƙarƙashin Lardin Kano, kuma Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ne wurin fara bincike. A kuma naɗi muryar dattawan da suka ji labarin daga bakin mai ita tun suna raye.

Inda gizo ke saƙar

Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin makaman da aka haramta, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake mallakarsu. Hukuncin riƙe ta ba izini ɗaurin aƙalla shekara 10 ne. Tsufa ko tsatsa ba sa fitar da ita daga wannan layi, kuma lasisi ba ya bin gado. Ko marigayin yana da shi, kwana 14 kacal doka ta ba magada bayan rasuwarsa.

Don haka kada a sa ta cikin rabo, kada a sayar. Kada a taɓa kunamarta ko a gwada ta, domin tsohon harsashi na iya tashi. Kada kuma a ɗauko ta a kan babur zuwa caji ofis, domin a shingen bincike babu mai sauraron tarihin kaka. A ɗauki hoton tambura da lambobinta inda take, a sanar da dagaci ko hakimi, a kai rahoto ga DPO, a bar 'yan sanda su zo su ɗauka, a kuma karɓi takardar shaidar miƙawa.

Hotunan, lambobin yabon da takardar sallamar su ne za su zauna a gida jikoki su gada.