Kho Kho: Yadda Nepal ta tsaya wa Indiya a wasanta na gado

Masu iya magana kan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Hakan ce ta faru tsakanin Indiya da maƙwabciyarta Nepal a wasan nan da ake kira kho kho, wanda aka yi gasar cin kofin duniyarsa ta farko a birnin New Delhi daga 13 zuwa 19 ga Janairun 2025.

Ƙungiyoyin maza 20 ne suka shiga gasar, ciki har da Ghana da Kenya da Afirka ta Kudu, amma 'yan Nepal ne suka fi ba masu masaukin baƙi wahala. A wasan buɗe gasa da ƙyar Indiya ta sha da ci 42 da 37. Suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, inda Indiya, ƙarƙashin kyaftin Pratik Waikar, ta ɗauki kofin da ci 54 da 36.

Ga wanda bai san wasan ba, kho kho wasan kora ne da gudu, babu ƙwallo a cikinsa. A tsarinsa na gargajiya, mutum 8 ne ke tsugunnawa a jere a tsakiyar fili tsakanin sanduna biyu, kowa yana fuskantar ɓangaren da na kusa da shi ya ba baya. Na 9 shi ke bin abokan hamayya, waɗanda ke shigowa uku-uku. Mai kora ba shi da ikon tsallake layin, kuma ba ya juyawa sai ya kai sanda. Idan wanda yake bi ya tsallake, sai ya taɓa bayan abokinsa da ke tsugunne ya ce "kho", shi kuma ya zabura ya ci gaba da korar. Ke nan mai son kansa ba ya kai labari a wannan wasa.

Jihar Maharashtra ta Indiya ce cibiyar wasan, kuma a birnin Pune aka tsara masa dokoki a 1914. Ba abin mamaki ba ne da ya samu gindin zama a Nepal. Iyakar ƙasashen biyu ta fi kilomita 1,700, kuma tun yarjejeniyar 1950 jama'arsu ke shige da fice ba tare da biza ba. Nepal ba ta da teku, don haka yawancin kayan da take shigowa da su ta Indiya suke biyowa, musamman ta mashigar Raxaul zuwa Birgunj. Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwar kan iyaka ya san ba haja kaɗai ke tsallakawa ba, har da harshe da abinci da wasanni.

Abin lura shi ne, Indiya na buƙatar irin wannan hamayya. Burinta shi ne a shigar da kho kho cikin wasannin Olamfik, waɗanda take neman ɗaukar nauyinsu a 2036, kuma wasan da ƙasa ɗaya ke lashewa cikin sauƙi ba ya jan hankalin duniya. Nepal mai mutane kimanin miliyan 30 ta nuna ana iya ja da ƙasa mai fiye da biliyan 1.4. Ita ma Afirka ta Kudu ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Indiya ta fitar da ita, abin da ke nuna 'yan Afirka ba kallo suka je yi ba.