Bayan an sa hannu an ɗauki hoto: wace jami'ar waje ce ta dace da musayar ɗalibai?

Da wuya wata ya wuce ba a ga irin hoton nan ba. Shugaban jami'a da babbar riga, baƙo daga Turai ko Asiya da kwat, kowa riƙe da fayil, an rattaba hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna, a ƙasa kuma an rubuta cewa daga yanzu za a riƙa musayar ɗalibai da malamai. Bari shekara uku ta wuce, ka je ka tambayi shugaban sashe ɗalibi nawa suka tafi, nawa suka zo. Sau da yawa sai ya yi murmushi ya ce ai maganar tana ofishin shugaba.

Ba yaudara ba ce. Yarjejeniyar fahimtar juna takardar niyya ce kawai, ba ta ɗora wa kowa nauyin kashe ko kwabo. Wadda ke tayar da ɗalibi daga Kano zuwa wata ƙasa ita ce takarda ta biyu, wadda ba a cika ɗaukar hotonta ba. A cikinta ake rubuta wane sashe, ɗalibai nawa a shekara, wane zango, da wane harshe za a koyar, wa zai biya me. Kafin a kai ga rubuta ta kuwa, sai an san da wa ake son ƙulla abotar, kuma a nan ne jami'o'inmu suka fi yin tuntuɓe.

Ɗalibin musaya ba kamar wanda ya tafi yin digiri a waje yake ba. Sunansa yana nan a rajistar jami'arsa, a gida yake biyan kuɗin makaranta, zai je ne ya yi zango ɗaya ko biyu ya dawo da makinsa a haɗa masa. Jami'ar da ta karɓe shi ba ta cajinsa kuɗin karatu, kuma ba don sadaka ba. Ta yafe ne saboda ita ma ɗalibinta zai zo ya zauna a kujerarmu kyauta. Ofisoshinsu suna riƙe da lissafi. In an tura musu biyar bara, biyar bana, su ba su turo kowa ba, ranar sabunta yarjejeniya za su ce a dakata, ko kuma a fara biya.

Saboda haka tambayar da ta kamata kwamitin jami'a ya fara da ita, wadda kuma ake yawan tsallakewa, ita ce: me zai kawo ɗalibinsu wurinmu? Gwamnatocin ƙasashen Yamma da dama suna gargaɗin 'yan ƙasarsu game da tafiya sassan arewacin Najeriya da Nijar, jami'o'insu da kamfanonin inshora kuma suna bin wannan gargaɗi sau da ƙafa. Wanda zai yi ƙoƙarin zuwa duk da haka, sai mai neman abin da ba zai samu a wani wuri ba.

Muna da irin waɗannan abubuwa. Ana koyar da Hausa a Jami'ar Warsaw ta Folan, da Hambug a Jamus, da L'Orientale ta Naples a Italiya, da INALCO a Paris, da Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Bejin, da Hankuk a Koriya ta Kudu. Ɗalibin da ya shekara biyu yana haddar karin sauti da ajin aikatau a ɗaki mai sanyi yana bukatar ya ji yadda ake ciniki a Kasuwar Kurmi, kuma ba Landan ko Boston da za ta ba shi wannan. Alaƙar ma tsohuwa ce: Paul Newman, mai shahararren nahawun Hausa, ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Kano a shekarun 1970. Ga Cibiyar Noman Yankunan Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda Bankin Duniya ya saka cikin fitattun cibiyoyin bincike na Afirka. Ga rubutattun littattafan Larabci da ajami a Gidan Arewa na Kaduna da cibiyar IRSH ta Yamai. Ga asibitocin koyarwa inda ɗalibin likitanci zai ga amosanin jini da zazzaɓin cizon sauro a mako guda fiye da abin da zai gani a shekaru a ƙasarsa. Jami'ar da ke da sashe mai bukatar ɗaya daga cikin waɗannan za ta amsa wasiƙa da wuri, ta kuma nemo kuɗi da kanta.

Su kuwa jerin gwanayen jami'o'in duniya da ake fitarwa kowace shekara, ban ce a watsar da su ba, amma a san abin da suke aunawa. Na Shanghai, da aka fara a 2003, yana ƙirga kyautar Nobel da yawan binciken da aka wallafa. Babu inda ya nuna ko akwai wanda zai tari yarinya 'yar aji uku a tashar jirgin ƙasa da dare, ko kwasa-kwasan digirin farko da Ingilishi ake koyar da su. A Jamus da Folan da Italiya, yawancin karatun da ake yi da Ingilishi na digiri na biyu ne, na farko da harshen ƙasa ake yinsa. A buɗe kundin kwasa-kwasai na sashen a ƙirga da hannu. Babban suna yana ƙawata rahoton shekara na shugaban jami'a, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Inda ɗalibi ya fi cutuwa shi ne wajen maki. Turai ta daɗe da warware nata. Shirin Erasmus ya fara a 1987, a ƙarƙashinsa aka ƙirƙiro ma'aunin ECTS, inda shekarar karatu take da kiredit 60, zango 30, kowane kiredit kuma yana wakiltar aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da ɗalibi ke yi shi kaɗai a ɗakinsa. Mu a Najeriya awannin aji muke ƙirgawa: kiredit ɗaya shi ne laccar awa guda a mako har tsawon zango. Ma'auni biyu ne daban, ba za su haɗu da kansu ba sai wani ya zauna ya haɗa su.

Ɗauki misalin ɗalibin kimiyyar sinadarai da ya yi zango a Jamus ya dawo da takardar sakamako. Ya miƙa wa jami'in jarrabawa na sashe. Malam ya duba ya ga 1,3 da 1,7, ya ɗaga kai ya ce, “Kai, wasa ka je yi?” A Jamus 1 shi ne ƙololuwa, 4 ita ce ƙarshen cin jarrabawa, alhali a tsarinmu mai maki biyar 1 na nufin E. Faransa a kan 20 take ba da maki, 10 ne cin jarrabawa, samun 16 kuwa sai gwani. Italiya daga 18 zuwa 30. Bayan an fahimtar da malam wannan, sai ya buɗe manhaja ya ga akwai kwas biyu na dole da aka yi a zangon da yaron ba ya nan, kuma abin da ya karanta a can bai yi daidai da su ba. Shi ke nan, kari-oba biyu. In bai yi sa'a ba su ja shi zuwa ƙarin shekara, abokansa su tafi bautar ƙasa su bar shi. Ƙannensa na sashe suna kallo, kuma badi ba wanda zai cika fom.

Maganin wannan sananne ne. A Erasmus ɗalibi ba ya tashi sai an sa hannu a yarjejeniyar karatu, shi da jami'arsa da mai masaukinsa, an jera kwas ɗin da zai ɗauka a can da wanda kowanne zai maye a gida. A wurinmu wannan na nufin hukumar sashe ta amince, ta tsangaya ta amince, majalisar malamai ta jami'a ta tabbatar da jadawalin juya maki, duk kafin a sayi tikiti. Manhajar CCMAS da hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta tsayar da kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. A ganina cikin wannan kashi 30 ne ya kamata sashe ya share wa musaya fili, ya tara kwasa-kwasan zaɓi a zango guda don wanda ya tafi kada ya bar na dole a baya. Jami'ar wajen da ta ƙi turo cikakken bayanin kwas ɗinta don a gwada, ta riga ta ba da amsa.

Sai kalanda, kuma a nan laifin ba nasu ba ne. Jami'o'in Jamus suna buɗe zangon sanyi a Oktoba, na bazara a Afrilu, suna son sunayen masu zuwa watanni kafin nan. Mu kuwa yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma jami'o'in gwamnati da yawa sun daɗe suna gudu don cike giɓin. Ɗalibin da bai san ranar da zai gama jarrabawa a gida ba, ta yaya zai yi alkawarin ranar isa? Shi ya sa nake ganin sashen da zai fara sabuwar hulɗa ya fara da 'yan digiri na biyu da na uku, masu zuwa ɗakin gwaje-gwaje ko laburare na wata uku ko huɗu. Su ba sa jiran buɗe aji, kuma kowannensu yana da malami mai duba aikinsa wanda dole ya yi magana da takwaransa na can. Daga wannan magana ce hulɗa ke yin jijiya. Yarjejeniyar da ta rayu, in ka bincika, za ka tarar akwai malamai biyu da suka san lambar wayar juna, ɗaya ya taɓa kwana a garin ɗaya. Zumunta a ƙafa take. Wadda shugabanni biyu suka ƙulla a wurin taro kan mutu ranar da wa'adin ɗayansu ya ƙare.

Batun kuɗi ba sabo ba ne. A da ɗaliban Faransanci na jami'o'in Najeriya a ƙasashen da ke magana da harshen suke yin shekararsu ta uku. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 abin ya gagara, gwamnati ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, sannan na Larabci a Ngala ta jihar Borno. Tarihi ya kusa maimaita kansa bayan an saki naira a Yunin 2023: dalar da ake canzawa a kan kusan 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024. Yafe kuɗin karatu ba ya biyan haya, ba ya sayen rigar sanyi. Zama fiye da kwana 90 a yankin Schengen yana bukatar bizar dogon zama, Jamus kuma tana neman shaidar kusan yuro 1,000 na kowane wata, sai fa in akwai takardar tallafi.

Tun 2015 Erasmus+ ya buɗe ƙofa ga ɗaliban ƙasashen da ba na Turai ba, zaman wata 2 zuwa 12, da guzurin yuro 800 zuwa 900 a wata da gudummawar kuɗin jirgi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba jami'armu ce ke neman kuɗin ba. Ta Turai ce ke rubuta buƙata ga hukumar ƙasarta, ta ambaci sunanmu. Don haka a tambaye su kai tsaye: kun taɓa samun wannan tallafi don wata jami'ar Afirka? Wace ce? Sai a kira waccan jami'ar a ji yadda suka kwashe. In ba tallafi, musayar ta zama ta 'ya'yan masu hali kaɗai.

Sahihancin jami'a ba ya bukatar dogon bayani bayan abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano ta Benin cikin mako shida, har Ma'aikatar Ilimi ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. A duba sunan jami'a a wurin hukumar ƙasarta, ba a ƙasidar da wakili ya kawo ba. Haka batun ranar tashin hankali. Iyayen da 'ya'yansu suka tsallaka iyakar Yukren a 2022, ko suka yi kwanaki a bakin iyakar Sudan da Masar a 2023, sun san darajar layi guda a yarjejeniya da ke faɗin wa ke da alhakin fitar da ɗalibi. Uban da zai saki 'yarsa kuma zai tambayi ɗakin kwana, da abincin halal, da masallaci, kuma yana da gaskiya. A 2022 wasu jami'o'in Holan sun fito fili sun ce wa ɗaliban waje kada su zo in ba su riga sun samu ɗaki ba.

Abin mamaki shi ne yadda ido ke tsallake maƙwabta. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a can, ga ta André Salifou a Damagaram, ga Abdou Moumouni a Yamai, ga Jami'ar Musulunci ta Say. Ɗalibin Faransanci daga Sakkwato zai yi lacca da harshen da ya je koyo, ya fito ya sayi fura da Hausa, ɗan Nijar mai neman Ingilishi kuma yana da dalilin zuwa Zariya, wato lissafin kujeru zai daidaita da kansa. Tarayyar Turai ma tana da shiri na musamman da ke biyan kuɗin zirga-zirgar ɗalibai tsakanin jami'o'in Afirka. Siyasa takan shiga tsakani, an ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, don haka nan ma sai an rubuta abin da za a yi in hanya ta toshe. Amma ta fuskar maki aikin ya zo da sauƙi. Nijar tana bin tsarin LMD, digirin farko shekara uku da kiredit 180, zango 30, daidai da lissafin Turai. Sashen da ya zauna ya tsara jadawalin juya ECTS sau ɗaya, da ɗan gyara zai yi masa aiki a Maraɗi kamar yadda zai yi a Warsaw.