Kafin Ka Sayi Sabon Batir, Duba Waya Tukuna

Jama'a, duk wanda ya saba sammako wajen Kasuwar Ochanja a Anaca, ya taɓa ganin tsohuwar Fijo an cika ta da kaya, direba na ciki yana riƙe da sitiyari, yara huɗu ko biyar suna turawa a baya. Tun shekarar 1975 da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, wannan mota ta zama jakin 'yan kasuwarmu na Arewa. An daɗe da daina haɗa samfurin 504, amma har yau akan ci karo da masu lallaɓa tasu, domin da ita su ke ci, da ita su ke sha.

To, da zarar mota ta ƙi tashi, sai maigida ya ce batir ya mutu, ya je ya sayo sabo. Bayan kwana uku sabon ma ya kwanta. Dalili kuwa shi ne, batir randa ne kawai, altaneta ita ce rijiyar da ke cika shi. In guga ya tsinke, sauya randa ba ya kawo ruwa.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne fambel. Kashe injin, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. In ya lotsa fiye da kamar rabin inci, ko kana jin ƙara ƙiii in ka taka totur, to santsi ya ke yi, altaneta ba ta juyawa sosai. Sa'an nan ka duba kawunan batir. Damshin Kudu, musamman da damina, yana sa su yi farin gari ko kore. A wanke da ruwan zafi, a kankare, a ɗaure tamau. Kada a manta da wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da wadda ta haɗa injin da jiki, domin tsatsa a nan kan hana caji alhali altaneta lafiyarta ƙalau.

In motarka mai jar fitilar caji ce a gaban direba, lura da ita. Ya kamata ta kama in ka murɗa makulli, ta mutu in injin ya tashi. A motoci da yawa ta wannan ƙwai ne wuta ke fara shiga altaneta, saboda haka in ya ƙone, ko siririyar wayarsa ta tsinke, cajin kan tsaya. Mutane da yawa sun sayi altaneta a kan ƙwai ɗaya.

Yanzu ga babban gargaɗi. Akwai wani gwaji da aka gada tun zamanin dainamo, watau a cire kan batir injin na aiki, wai in mota ba ta mutu ba to tana caji. Kada ka yarda a yi wa motarka haka. Altaneta tana da wasu 'yan na'urori a ciki, dayod, masu daidaita wutar ta bi hanya ɗaya, kuma cire batir kan sa wuta ta yi tsalle ta ƙone su tare da katawut. Haka nan in za a ja maka wuta daga wata mota, tsaya a kai ka ga ja ta tafi ga ja. In aka juya su, nan take dayod kan ƙone.

Gwajin gaskiya na mita ne. Cikakken batir a kashe yakan nuna kamar bolt 12.6. Injin na aiki, ya kamata ya hau wajen 13.8 zuwa 14.4. In bai hau ba, sai a duba burushi da katawut, waɗanda kuɗinsu bai kai na altaneta ba. In kuwa ya wuce 15, cajin ya yi yawa, ruwan batir zai riƙa ƙafewa, ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Mai gyaran waya da ba shi da mita, yi masa sallama ka ƙara gaba.

In ta kama lalle sai an sauya, akwai kasuwar kayan mota a Nkpor da kuma Mgbuka ta Obosi, duk kusa da Anaca. Tafi da tsohuwar a hannu don a gwada, ka kuma nemi a jarraba wadda za ka saya a gabanka kafin ka biya.

Ɗan'uwa, mota mara caji takan yi tafiyar rana da ƙarfin batir, amma da ka kunna fitilu ba ta daɗewa. Gara ka ɓata awa ɗaya a Anaca da ka kwana a daji tsakanin Inugu da Makurɗi da dukiyar mutane a bayanka. Allah ya kai mu gida lafiya, amin.