Nasabar Sarki Yu da Mafarin Sarautar Gado a Ƙasar Sin

Daga cikin sarakunan da mutanen ƙasar Sin suke ambata da girmamawa tun zamani mai nisa, ba a cika samun wanda hikayarsa ta cuɗe da tarihi kamar Yu ba, wanda suke wa laƙabi da Mai Girma, suke kuma jingina masa kafa daular Xia, ta farko a lissafin daulolinsu, wajen shekara ta 2070 kafin Miladiyya.

Babban marubucin tarihinsu, Sima Qian, wanda ya kammala littafinsa wajen shekara ta 90 kafin Miladiyya, ya kawo silsilar a taƙaice: Yu ɗan Gun, ɗan Zhuanxu, ɗan Changyi, ɗan Huangdi, sarkin nan da Sinawa suke ɗauka kakansu baki ɗaya. Sai dai mahaifin bai bar wa ɗan abin alfahari ba, domin a lokacin da ambaliya ta addabi ƙasa a zamanin Sarki Yao, Gun aka ɗora wa alhakin tsare ruwa, ya shekara tara yana gina ganuwa ruwa yana rushe ta, har aka yanke masa hukunci ya mutu a Dutsen Yushan. Da Shun, magajin Yao, ya miƙa aikin ga ɗan wanda aka hukunta, sai Yu ya bar dabarar toshewa ya koma haƙa wa ruwa hanya zuwa teku, ya shafe shekara 13 a kan haka. Kuma riwaya ta ce kwana huɗu kacal ya yi da amaryarsa, 'yar gidan Tushan, kafin ya fita, sau uku yana wucewa ta ƙofar gidansa bai shiga ba, alhali ɗansa Qi yana ciki yana kuka. Ko me matar ta gani a wannan zuhudu, marubuta ba su damu su tambaye ta ba.

Amma mai nazari zai ga wani ishkali a silsilar, domin littafin da ya sanya kakanni huɗu tsakanin Yu da Huangdi, har da shi Huangdin, shi ne ya sanya takwas ga Shun, wanda ke nufin cewa Yu, da ya yi wa Shun hidima ya kuma gaje shi, tsaran kakan kakansa ne. Masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya shawarci masu binciken nasaba su ƙidaya uba uku a kowace shekara ɗari, da bai yarda da wannan ba. Su ma malaman Sin sun lura, shi ya sa Ban Gu, da ya zo bayan Sima Qian, ya ruwaito cewa Gun jika ne na biyar ga Zhuanxu.

A ganina dalilin wannan saɓani a fili yake: silsilar an ɗinke ta ne daga baya, domin a mai da gidajen sarauta duka reshen bishiya guda. Sima Qian ya kai daulolin Shang da Zhou ga Huangdi ta hanyar Sarki Ku, ya ce sarakunan Yue na kudu zuriyar Yu ne, har makiyayan Xiongnu da suke yaƙar Sin a zamaninsa ya laƙaba musu kaka daga gidan Xia.

Muhimmin abin da hikayar ta adana kuwa shi ne batun ɗan Yu, wato Qi. Yao ya tsallake ɗansa ya ba Shun mulki, Shun ya tsallake nasa ya ba Yu, shi ma Yu ya yi wasiyya ga wazirinsa Yi. Amma bayan rasuwarsa hakimai suka yi mubaya'a ga Qi, a faɗar Sima Qian, yayin da wani tsohon littafi da aka tono rubuce a kan gora ya ce Qi kashe Yi ya yi. Ko ta wace hanya, daga nan sarauta ta zama gado, aka lissafa wa gidan sarakuna 17 kafin Tang na Shang ya kawar da su wajen shekara ta 1600 kafin Miladiyya. Har yau ana ziyartar hubbaren Yu a gindin Dutsen Kuaiji, kusa da birnin Shaoxing.