Firigo ya ƙi sanyi ko ya ƙi hutawa? A duba termosta kafin a biya kuɗin gas

 Duk shekara in bazara ta kama, a watannin Afrilu da Mayu, zafin Yamai kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne firigo ya fi ba mutane kunya. Mai sayar da ƙanƙara ta jera ledojinta da dare, gari ya waye ta tarar da ruwa tsululu. Mai shago ya yi asarar nono da lamurje. A gidan da ake ajiye allurar mai ciwon sukari kuwa, maganar ta wuce ta kuɗi. In an kira mai gyara, abin da aka fi ji shi ne "gas ya ƙare" ko "inji ya mutu". Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa laifin yana wurin wani ɗan ƙaramin abu da bai kai akwatin ashana biyu ba, wanda masu gyara ke kira termosta, ko kuma a wayoyin da ke shiga cikinsa. Yau a kansa za mu tsaya.

Yadda firigo ke aiki

Firigo, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa firji, aikinsa kwashe zafi daga ciki ya zubar da shi waje. Shi ya sa in kun taɓa baƙaƙen ƙarafan da ke bayansa za ku ji su da ɗumi. Baƙar tukunyar nan da ke ƙasa, wato kwamfiresa, ita ke tura gas yana zagayawa cikin bututu. Bututun a rufe yake ruf, don haka gas ɗin ba ya ƙarewa kamar na girki. In ya ragu, to akwai inda ya huje, kuma duk wanda ya ƙara maku gas bai toshe hujin ba, ku shirya sake kiransa.

Shi kuma termosta mai gadi ne a bakin ƙofar wuta. Yana bayan maɓallin nan da ake murɗawa mai lambobi. Yana da doguwar wutsiya ta ƙarfe, siririya kamar tsinken tsintsiya, wadda ake manna bakinta a jikin wurin da ya fi sanyi. A cikin wutsiyar akwai ɗan gas nata na daban. In ciki ya yi ɗumi, gas ɗin ya kumbura, ya haɗa wuta, kwamfiresa ta tashi. In sanyi ya kai, gas ɗin ya tsuke, sai ku ji "ƙas", wuta ta yanke, kwamfiresa ta huta. Lambobin da ke jikin maɓallin ba digiri ba ne. Babbar lamba tana nufin sanyi mai yawa da aiki mai tsawo kafin hutu.

In fitila na kamawa amma inji shiru

Kafin komai, a zare wayar firigon daga bango. Wutar NIGELEC bolt 220 ce, tana kisa, balle ga wanda ke tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. In an zare, a duba maɓallin, domin yara kan murɗa shi zuwa sifili, kuma a sifili inji ba ya tashi.

In maɓallin na daidai, sai a kwance murfin termosta. Kafin a zare ko waya ɗaya, a ɗauki hoto da salula. Wannan hoton shi zai raba gardama in an zo mayarwa. A yawancin firigon da ke zuwa daga Turai, waya mai ruwan ƙasa ita ke ɗauke da wuta, shuɗiya ita ce abokiyarta ta dawowa, mai kore da rawaya kuma ta ƙasa ce, wurinta jikin ƙarfen termosta, ba a taɓa sa ta a baki mai lamba. Bakunan termosta sukan zo da lamba 3 da 4, wani lokaci har da 6. Tsakanin 3 da 4 ne wutar inji ke bi. Ita 6 aikinta ya danganta da irin firigon: a wani ta nan wuta ke shigowa, a wani kuma ita ke kunna jar fitilar gargaɗi. Wanda ya musanya su zai ga abin mamaki, ko inji ya ƙi tashi, ko ya tashi ya ƙi tsayawa.

A duba bakunan da kyau. Danshi kan sa su tsatsa, zafi kan sa su saki, ɓera kuma na son gurgurar waya a bayan firigo inda ke da ɗumi. Baki da ya yi baƙi ko robarsa ta narke, shi kaɗai ya isa ya hana inji tashi.

Mai gyara na ƙwarai yana yawo da mitar awon wuta. Zai ɗora ta a kan 3 da 4, firigo ba ya jone. In ciki da ɗumi kuma maɓalli a kunne, ya kamata mita ta nuna hanya a buɗe take, mai ƙara ta yi ƙara. In ta yi shiru, termosta ya mutu. Abin da ya fi kashe shi shi ne karyewar wutsiya ko hujewarta, galibi wajen ƙanƙare ƙanƙara da wuƙa. Wutsiyar da ta huje ba ta gyaruwa, sai dai a sake termosta gaba ɗaya, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kwamfiresa ba.

Akwai wata alama da ake ɗora wa termosta alhali ba ruwansa. Inji ya yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, a ji "ƙas", ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake. Wannan na nuna wuta tana isa har wurin kwamfiresa, ita ce ta kasa tashi. A nan sai a duba ɗan rile da ke manne a jikinta, ko kuma ƙarfin wutar gidan, kafin a yanke hukunci cewa inji ya mutu.

In inji ya ƙi hutawa

Wani firigon kuma dare da rana yana ta ruri. A fara da abubuwan da ba sa cin ko dala. A sa takarda a bakin ƙofa a rufe, a ja. In ta zare salin-alin, robar ƙofar ta saki, zafi na shiga. A share ƙurar hunturu da ta toshe ƙarafan baya, a janye firigon daga bango kamar faɗin tafin hannu, a raba shi da rana da murhu. Bayan haka a duba wutsiyar termosta. In ta zame daga inda aka manna ta, iska mai ɗumi take ji, sai ta yi ta ba inji umarnin ci gaba. In duk waɗannan lafiya lau, ciki ya yi sanyi ƙarara amma an murɗa zuwa ƙaramar lamba inji bai tsaya ba, to bakin termosta ya manne daga ciki. In kuwa inji na aiki ba hutu kuma sanyin babu, a nan ne maganar gas ko ta kwamfiresa ke da tushe.

Maganar haɗa shi kai-tsaye

Nan ne muke roƙon ku buɗe kunne, musamman iyayenmu mata masu sana'ar ƙanƙara. Mai gyara kan zare wayoyi biyu daga termosta ya haɗa su da juna. In inji ya tashi nan take, an gane termosta ne ya lalace. Wannan gwaji ne na 'yan mintoci, kuma aikin wanda ya san wuta ne. Matsalar ita ce wasu a nan suke tsayawa, su naɗe wayoyin da baƙar roba, su karɓi kuɗin gyara su tafi. Firigo kuwa ya yi ta sanyi, mai shi ta yi ta godiya.

Daga ranar inji ya rasa mai ce masa ya huta. Cikin zafin bazara ya yi ta gasuwa har wayoyin cikinsa su ƙone. Kuɗin wuta ya ƙaru. A ƙauyen da ake aiki da sola, batir ya ƙare tun tsakar dare, kuma batirin da ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Wasu da kansu suke cewa a haɗa masu kai-tsaye don ƙanƙara ta yi saurin kamawa kafin a ɗauke wuta. To ku sani, termosta mai lafiya ba ya yanke wuta sai ya ji sanyi ya kai inda aka sa masa.  

Ga masu ajiye magani abin ya fi haɗari. Allurar insulin da yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Insulin da ya daskare ya lalace, ko da ya narke ya koma kamar lafiyarsa ƙalau. Firigon da ba shi da termosta ba wurin ajiye shi ba ne.

In za a sayi sabo, a tafi da tsohon a hannu, ko Katako za a je ko wani shagon kayan sanyi. Na firigon abinci daban, na babban firigon ƙanƙara daban, wanda ke sauka har digiri 18 ƙasa da sifili. In an sa na abinci a na ƙanƙara, zai riƙa yankewa tun ruwa bai kama ba. In an sa na ƙanƙara a na abinci, tumatir da ƙwai su zama dutse. Wutsiyar in ta yi tsawo a naɗe ta a hankali, kada a yanke, kada a lanƙwasa ta har ta karye. Sababbin firigo masu allon lambobi kuwa ba su da irin wannan termosta, ɗan na'urar jin sanyi gare su da ke haɗe da allon lantarki, kuma waɗannan sai wanda ya koye su.

In an ɗauke wuta an dawo da ita

Mutanen Yamai ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. An dawo da ita a 2024 bayan ɗage takunkumin CEDEAO, ga kuma tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta shiga aiki. Duk da haka in zafi ya tsananta, kowa ya kunna abin sanyinsa, ɗaukewar wuta da raunin ta ba sa rasuwa. In wuta ta tafi, ku zare firigo. In ta dawo, ku ba shi kamar minti biyar kafin ku mayar, domin gas ɗin da ke cikin bututu ya lafa, inji ya samu tashi ba da wahala ba. In fitilun gida sun yi ja-ja kamar aci-bal-bal, wutar ba ta da ƙarfi, gara a bar shi a zare. Firigon da jikinsa ke jan mutum in an taɓa shi kuwa, kada a sake jona shi sai an duba wayar ƙasa.

Wata gargaɗin kuma: firigo da yawa na yanzu suna aiki da gas mai lamba R600a, wanda ke kama wuta. Lambar tana rubuce a jikin kwamfiresa. Kada a sa wuƙa a cire ƙanƙara, a zare shi a bar ta ta narke da kanta.

Ga 'yan'uwa na waje

Ku da kuke aiko da kaya gida, ku karanta takardar da ke manne a jikin firigo kafin ku biya. Wutar gidajen Amurka da Kanada bolt 120 ce, kayan can in an jona su kai-tsaye a nan ƙonewa suke. Sannan ku duba ajin yanayi. Mai harafin N an yi shi ne don ɗakin da bai wuce digiri 32 ba, ST ya kai 38, T kuma 43. Wanda ya dace da mu shi ne T. Na hannu da aka yi don sanyin Turai, a Yamai ko Tawa ko Damagaram ba ya samun hutu ko da termostansa sabo ne.

Da yawanku kuma kuna zaune a gidajen da na'ura guda ke sanyaya ɗaki da rani ta ɗumama shi da hunturu. Dangin firigo ce, sai dai ita tana iya juya hanyar gas, ta kwaso zafi daga waje ta shigo da shi. A Amurka termostanta na jikin bango, da siraran wayoyi masu bolt 24, kowace da harafinta: R ke kawo wuta, C ta dawowa ce, Y ta kwamfiresa, G ta fanka, O ko B kuma ita ke juya tsakanin sanyi da zafi. In kun sake termosta kuka ga kun nemi zafi tana ba ku sanyi, galibi a wurin O da B aka yi kuskure. A kashe wutar na'urar tun daga babban akwati kafin a taɓa, don in R ta gogi C ɗan fis ɗin ciki zai ƙone. A bi harafin da kowace waya ke ciki a tsohon, kada a dogara da launi. In gidan haya ne, a sanar da mai gida tukuna.

A nan gida kuma, duk ranar da kuka kira mai gyara, ku yi masa tambayoyi uku cikin mutunci: Malam, ka auna termosta? In gas ne, ina hujin yake? In ka gama, inji zai riƙa tsayawa da kansa? Sannan ku ba shi wurin zama da ruwan sha, ku jira tare har ku ji "ƙas" ɗin nan da kunnenku, ko kuma ku yi alkawarin cika masa kuɗinsa washegari in kun ga inji na hutawa. Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba.

Masu tambaya a kan firigon sola ko na'urar sanyaya ɗaki, ku aiko mana ta lambar gidan rediyo kamar yadda kuka saba. Ku faɗi garinku da irin ƙarar da injin ke yi.